Ba'amurkiya da Kunnen Jaki

Gwange, Maiduguri
Farkon Yuni

Ya Yunus,

Wushe. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Najiba da yaran da ban san sunayensu ba. Mu nan muna numfashi. Ƙafar Ba Umara ta ƙi saɓewa, kumburin ya kai gwiwa, hannunsa kuma rawa yake, ko shayi sai na riƙe masa kofi. Ni lafiyata ƙalau, abin da ya fi komai hatsari ga saurayi a garin nan.

Dzarma direba ya kawo takardarka, mai tambari, da lambar kiranka ta rediyo da adireshinka na Kaduna an buga da ruwan zinare. Sai da na juya ta gaba da baya ina neman wanda ya rasu, don ban san wani abu ban da mutuwa da zai tuna maka gidan nan ba. Tun sadakar bakwai ɗin kakata, yayar Ba Umara, 'yar baffan mahaifinka, ba mu sake ganin ƙeyarka ba. Ashe rediyo ce.

Ka ce ka sami lasin irin na masu rediyon sha'awa, masu hira da mutanen wasu ƙasashe daga ɗakinsu, kuma tasha irin ta da kake so, ta AM, da tsofaffin kaya masu bawul, ƙwayayen gilashin nan da ke ɗaukar zafi, wai muryar mutum ta fi zaƙi a cikinsu. Kana tambaya wanne zai yi maka a cikin kayan rediyon Ba Umara. An yanke mana layin waya, ba mu sanin wanda ya kwana da rai a Shehuri sai mun taka da ƙafa, kai kana neman zaƙin murya. Madalla.

Zan amsa maka duk da haka, don ina da buƙata. Ni ne hannun Ba yanzu. Ban gama sakandare ba, Turancina a littattafan gyaransa na tsince shi da ƙamus a gefe, amma babu wayar da ban bi da yatsa ba a ɗakin nan.

Na'urori masu aika murya uku ne, duk ya raɗa musu suna. Giwa ta kai firji tsayi, ta tsohuwar ma'aikatar waya ce inda ya yi aiki, a gwanjo ya saye ta. Ya ce muryarta ba ta da ta biyu. Ni ban taɓa ji ba, don in aka kunna ta wutar layinmu durƙusawa take yi. Ƙarti huɗu ba sa ɗaga ta. Ka manta da ita. Mai Kaki koriya ce, ta sojan Turawa tun yaƙin duniya, magana take kamar daga cikin gwangwani. Ita ce za ta kashe mu, don duk wanda ya ga launinta ba zai tsaya tambayar shekarunta ba. Ta ukun ita ce Ba'amurkiya. Guntu-guntu ta zo a kwali, Ba ya haɗa ta da hannunsa tun uwata ba ta yi wayo ba. Na canza mata kwandansan da suka bushe, manyan bawul ɗinta biyu da ransu, ƙaramin janareta ma yana ɗaukar ta. Na gwada ta yadda mai hankali ke gwadawa: maimakon eriya na ɗaura mata ƙwan lantarki, na yi magana, ƙwan yana ƙara haske da kowace kalma, muryar kuwa ko zaure ba ta kai ba.

Masu kamawa biyu ne. Hajiya tana da fuskar gilashi da fitila koriya, baƙo ya shigo ita yake fara yabo, amma kurma ce. Kunnen Jaki baƙa ce, mummuna, nauyinta kamar buhun siminti, sai ta ɗau zafi take daina zamewa daga tasha. Bayan nan ko sauro ya yi tari a Nijar za ta ji, kuma tana raba tashoshi biyu da suka manne da juna. Ka ɗauki Ba'amurkiya da Kunnen Jaki. Ba shawara nake ba ka ba, amsar ke nan.

Ga buƙatata. Ana bincike gida-gida, an gama da layin bayanmu. Ranar da aka buɗe ɗakin nan, babu wanda zai saurari tarihi. Na ce wa Ba mu binne su, ya ce sai dai in haɗa da shi. Na ce mu bar su mu tafi, ya ce ba zai bar wa ɓarayin jan ƙarfe ba. Amma da ya karanta takardarka sai ya ce in suka koma hannun mai lasin zai bi su, ko don ya ga yadda za ka ɗaura eriya. Wannan ne karo na farko da ya yarda zai bar Gwange.

Ka aiko da hoton lasinka da takarda mai hatimi cewa kayanka ne. Dzarma ya ce da wannan zai iya nuna su a shingaye. Ka ba Ba Umara ɗakin bayan gidanka. Sauran kayan, yana shiga mota zan bi su da guduma. Ni ko a baranda zan kwana.

Kada ka yi nawa.

Sa'id

*

Unguwar Rimi, Kaduna
Tsakiyar Yuni

Ƙanena Sa'idu,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, da jikin Baba, Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai mura da ruwan farko ya jawo wa yara. Muna ganin labarinku a jarida, ba ma fasa yi muku addu'a.

Bayaninka ya burge ni, ban zaci ka yi nisa haka ba. Sai dai ka rage zafin baki, ni yayanka ne.

A gaskiya raina yana kan Giwa. Muna da zama duk Asabar a iska, mu kusan goma daga garuruwa daban-daban, kuma duk wanda ya shigo da babbar na'ura irin wannan, shiru ake yi a saurare shi. Ka sake dubawa ko za a iya kwance ta gida biyu. Mai Kakin ma kada ka fasa ta, za ta yi kyau a falo.

Ba'amurkiya ban ƙi ta ba, amma irinsu na haɗin hannu sukan zo da gurnani a ƙarƙashin murya, wasu kuma suna shaƙe mutum kamar mai toshewar hanci. Ƙwan lantarki yana nuna akwai ƙarfi, ba ya nuna kyan murya. Ba zan sa hatimina a kan abin da kunnena bai ji ba, a kawo shi nan abokai su yi mini dariya. Saboda haka ga abin da za a yi. Asabar ta ƙarshen wata, bayan azahar, a mita arba'in, Baba ya kira ni. A wannan lokacin Maiduguri tana shigowa Kaduna sosai. Zan zauna ina jira. Minti biyu ba za su kashe kowa ba. Ka gaya masa tun ina yaro nake jin labarin muryarsa a wurin mahaifina, zai zama abin alfahari a gare ni in yi magana da shi.

Batun ɗakin baya, akwai kayan Najiba a ciki, amma in na'urar ta yi za mu san yadda za a yi.

Ka gaida Baba da kyau.

Yayanka,
Injiniya Yunus

*

Gwange
Ranar da takardarka ta zo

Ya Yunus,

Gaisuwa a tsaye. Ƙafar tana nan yadda take. Kan ne yanzu ya kamu, kuma kai ka kama shi.

Ina shagon gyaran rediyo Dzarma ya zo, sai ya miƙa wa Ba takardar. Kafin in dawo ya karanta ta har ya haddace wurin da ka ce abin alfahari ne. Na tarar ya sa an yi masa aski, ya ba da hularsa wanki, yana goge makirfo da tsohon buroshin haƙori.

Kai da lasin da ruwan zinare, bari wanda bai gama sakandare ba ya tuna maka. Mita arba'in maƙwabciyar mita arba'in da ɗaya ce, bango ɗaya ya raba su. Tun da aka yanke waya, duk Gwange a mita arba'in da ɗaya take kwana take tashi, kuma bayan azahar ɗin da ka zaɓa shi ne lokacin labaran rana, lokacin da kowa ke manna rediyo a kunne ya ji ko an ambaci unguwarsu. Da irin na'urorin zamani ne, masu mai da murya kukan agwagwa, da ba wanda zai gane. Amma AM ka ce kana so. Daɗin AM shi ne ko rediyon mai gadi tana kama ta. Ba'amurkiya kuwa daga nan kusa ba kamawa za a yi ba, danne kowace tasha za ta yi. Gana mai shayi bango ɗaya muke da shi, rediyonsa ba ta mutuwa, kuma tun da aka harbe ɗansa a bakin tebur ko faɗuwar faranti ya ji sai ya miƙe.

Eriyar ma tana nan. Wayar da ta tashi daga bishiyar maina, wato darbejiya, zuwa katanga, wadda na sassauto da ita muke shanya a kai don kada a gane, ita ce.

Na faɗa wa Ba duk wannan, ya ce shi ya koya mini. Ka san katunan da ke bangon ɗakinsa, waɗanda kuke aika wa juna in kun yi magana, shaidar cewa wane ya ji wane a rana kaza. Sun rufe bangon har rufi, a jikinsu na koyi sunayen ƙasashe. Na nuna masa su na ce duk mutanen nan sun mutu, tun ina rarrafe babu wanda ya sake amsa masa, ya daina yi wa kansa ƙarya. Na so ya ji zafi, ya kuma ji. Ya kalli bangon ya ce, “Yunus ai bai mutu ba.”

Ga abin da na yi. Na zare manyan bawul biyu na Ba'amurkiya na sa a aljihu. Gobe zan ɗora Kunnen Jaki a baro, in rufe ta da matattun rediyoyin mutane, in kai ta shago, in ce gyara take so. Ba zai yi kira ba in babu kunnen da zai ji amsa. Tun jiya ba ya yi mini magana, abinci ma sai na ajiye na fita yake ci.

Saura naka. Ka rubuto masa, shi da kansa, da sunansa a bayan ambulan, ka ce ka fasa gwajin, ka yarda da na'urar haka nan, ya taho. Maganata ba ta da nauyi a wurinsa, taka ce mai hatimi. In abokanka na Asabar sun yi dariya, ka ce laifin wani jahili ne a Gwange.

Sa'id

*

Unguwar Rimi, Kaduna
Laraba, kafin ƙarshen Yuni

Ƙanena Sa'idu,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin Baba? Yara sun warware, alhamdu lillahi. Ban ji daga gare ka ba tun takardata ta baya, na san hanya ce.

Albishirinka. Wani tsohon likita a Jos zai koma wurin 'ya'yansa, ya sallama mini na'urarsa, ƙanwar Giwa ce sak, har da akwatinta na asali. An kawo ta shekaranjiya. Na kunna ta, Sa'idu, sai da tsigar jikina ta tashi. Ka ga ke nan Allah Ya hutar da ku, ba sai an wahalar da Baba da gwaji ba. Dama Asabar ɗin ina Abuja, ɗaurin auren ɗan maigidana.

Abin da ya rage mini mai kamawa ce. Ta likitan ba ta da kunne. Ka ba Dzarma Kunnen Jaki in ya zo, ita ba ta buƙatar wata takarda tunda ba ta aikawa.

Maganar ɗaki mu bar ta sai bayan Salla, Najiba tana sa ran baƙi da azumi.

Yayanka,
Injiniya Yunus

*

Gwange
Goman ƙarshe na azumi

Yunus,

Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa. Ya ɗaurin aure? Da fatan an ci kaji.

An rufe hanya, Dzarma ya maƙale a Damaturu da takardarka a aljihu, tawa kuma tana cikin motar ƙaninsa ta nufi wurinka. Taka ta iso bayan Asabar da kwanaki. Na karanta ta ni kaɗai a ɗakin da babu kowa.

Ka nemi ka san ko Ba'amurkiya tana gurnani. Ga rahoto. Ranar Asabar ina shago, aka kawo wuta bayan an daɗe ba a gan ta ba. Na kunna Kunnen Jaki don in ji labarai kamar kowa. Mai labarai yana tsakiyar magana sai ya ɓace, muryar Ba ta cika shagon. Babu gurnani, babu shaƙewa. Har numfashinsa da ƙarar carbinsa a kan tebur na ji. Ban taɓa jin murya mai kyau haka a rediyo ba. Ya faɗi lambar kiranka, ya faɗi tasa, harafi-harafi da kalmomin Turancin nan da kuke yi, sannan ya ce Kaduna, Kaduna, Maiduguri ke kira, ina saurare. Ya jira amsa. Ya sake. Ashe yana da wasu bawul a gwangwanin madara cikin buhun gero, ya kuma jona Hajiya a madadin Kunnen Jaki, da hannun nan da ba ya riƙe kofi.

Ka zauna ka ji abin da kunnen Gwange ya ji: an yanke waya don kada 'yan daji su yi magana da juna, sai ga murya daga cikin unguwa ta danne labarai tana jera haruffa da lambobi da Turanci.

Na bar shago a buɗe na ruga. Duk teburin da na wuce muryarsa ce ke fita. Kafin in kai, layinmu ya cika. Gana yana tsaye a ƙofarmu ya ɗaga rediyonsa sama da hannu biyu yana juyawa da ita don kowa ya ji, rediyon da Ba ya gyara masa kyauta ba sau ɗaya ba. Kuka yake yi, yana cewa shi dama ya daɗe yana zargin wayar shanyar nan. Maman Salomi, mai ƙosai ta kan kwana, ta cafko rigata ta ja ni zaurenta, ta ce in na ƙara taku ɗaya gawa biyu za a yi. Ta tura ni bayan buhunan wake ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Daga nan na kalli sauran ta hudar ƙyaure.

Motar masu bincike ta zo. Suka fito da Mai Kaki tukuna, aka ɗaga ta sama, jama'a suka yi salati. Giwa kuwa maƙwabta aka sa suka ɗauko ta, ashe ƙarti shida take ci. Aka ɓamɓare katunan bango aka cika buhu da su. Ba Umara ya fito da wankakkiyar hularsa yana miƙa musu lasinsa, wanda ya mutu tun kafin a haifi wanda ya karɓa. Yana ta bayani, da ladabi, kamar mai koyar da aji. Marin farko hular ta faɗi. Ban ƙirga sauran ba. Suka tafi da shi.

Mai unguwa da liman suka yi ta zirga-zirga. Ana tsakiyar azumi aka sauke mana shi a Keke Napep, ba takalmi. Kunnen hagu yana zubar da ruwa, ya mutu. Na dama sai ka kafa baki ka yi ihu yake jin kamar ana magana a wani gida. Bai faɗi abin da aka yi masa ba, ni ma ban tambaya ba, na dai wanke bayansa na gani.

Abin da ya fara tambayata, da ƙarfi irin na kurame, shi ne ko ka aiko da kati. Ya tabbata ka amsa masa. Ya ce laifin Hajiya ne, kurma ce, da ban ɗauke Kunnen Jaki ba da ya ji ka. Ya ce ni na ɓata masa magana ta farko da ya samu cikin shekaru. Na bar shi a haka. Kullum da la'asar yana sa in fitar masa da kujera zaure, yana jiran Dzarma.

Ga nasa katin a cikin ambulan, ya kwana biyu yana rubuta shi. Ka aiko da naka. Ka rubuta ka ji shi ranar Asabar bayan azahar a mita arba'in, murya tangaran. Layi biyu ne. Ɗakin baya ka riƙe abinka, yanzu ko ka bayar an hana shi barin gari. Abin da na nema a baya ciniki ne. Wannan roƙo ne, kuma ban iya shi ba, kada ka sa in maimaita.

Sa'id

*

Kaduna
Bayan Salla

Sa'idu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Barka da Salla, in akwai barka. Wallahi na kwana ban runtsa ba, har hawan jinina ya tashi. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Ga dabino da maganin ɗigawa a kunne, likita ya ce safe da yamma.

Ban so in ce komai ba, amma kai kake tare da shi. Da ka cire wayar shanyar gaba ɗaya, da duk haka ba ta faru ba. Ni daga nan ban san yadda abubuwa suka tsananta ba, takardarka ta gargaɗi kuma sai da na dawo daga Abuja na same ta.

Batun kati, ka fahimce ni. Kati a wurinmu shaida ce. Ba a rubuta an ji abin da ba a ji ba, Baba da kansa zai fi kowa ƙin haka, a kan wannan amanar harkar take tsaye. Ban da haka, kati yana ɗauke da sunana da lambata da adireshina. Ka yi tunanin a same shi a gidan da aka riga aka sa wa ido, yana cewa na yi magana da shi a wannan ranar. Ina da iyali, ina da aiki. Najiba ta ƙona katin Baba da takardunka, ban hana ta ba. In za ka sake rubutowa kada ka sa suna a bayan ambulan, Dzarma ya san inda zai same ni.

Ka lallashe shi, ka ce kati ya ɓata a hanya.

Na ji daɗi da Kunnen Jaki ta tsira. Zamanta a wurinku hatsari ne, kuma ka gafarce ni, Baba ba zai ƙara amfana da ita ba. A nan za a kula da ita yadda ta cancanta. Ka naɗe ta da bargo saboda gargada, ka zare bawul ɗin ka sa su daban.

Y.

*

Gwange
Satumba

Injiniya Yunus,

Ina gaisuwa, ina yi wa hawan jininka sannu. Ba Umara yana samun sauƙi, bayansa ya warke, ƙafar ma ta ɗan saɓe. Dabinon ya ci. Maganin kunne mun ba Maman Salomi, jikarta ce ke ciwon kunne, ita tana da abin da za a ceta.

Katinka ya iso, an gode.

Kada ka tashi neman wanda ya aiko. Najiba ta ƙona nawa takardun, ni ban ƙona naka ba. Ta farkon tana nan da ruwan zinarenta. Na sami farin kwali na cikin sabuwar riga, na yanke shi daidai girman da ake yi. Tun ina yaro nake kallon katunan nan, na san inda ake sa komai. Lambar kiranka a tsakiya da manyan haruffa, sunanka, lambar gidanka da layinku a Unguwar Rimi, ranar, da mita arba'in. A wurin ƙarfin murya na ba shi biyar da tara, makin da babu na sama da shi, kuma wannan ba ƙarya ba ce, ni na ji. Na ƙara da cewa abin alfahari ne a gare ka, tunda kai ka faɗa. Sa hannunka bai ba ni wuya ba, duk ƙawa ce babu ƙashi.

Dzarma na ba ya miƙa masa a zaure. Ba Umara ya karanta, ya juya bayan, ya sake karantawa. Ya ce rubutunka kamar na ɗan aji uku, amma ka san ƙa'ida. Sannan ya dube ni ya ce, “Ka gani? Hajiya ce.” A daren ya cinye tuwonsa, ya ce in zauna mu ci tare.

Ya sa na kafa katin da ƙusa a tsakiyar bango. Ka san sun kwashe sauran, saboda haka duk faɗin bangon nan kai kaɗai ne. Mutum yana shiga ɗakin kai yake fara gani.

Suna dawowa lokaci-lokaci su duba ko ya sake haɗa wani abu. Ranar Talata sun zo. Ɗaya daga cikinsu, mai gilashi, wanda ba ya ihu, ya daɗe a gaban katin. Ya tambaye ni wane ne wannan. Na ce ai a rubuce yake. Ya tambayi Ba, sai da ya kafa baki a kunnensa. Ba Umara ya gyara zama, ya ce ɗansa ne, babban injiniya a Kaduna, shi ya zaɓi ranar da lokacin, kuma tasharsa ta fi tasa ƙarfi nesa ba kusa ba, duk Asabar suna taro a iska su kusan goma. Ban taɓa ganin yana alfahari da wani haka ba. Mai gilashin ya ɗauki hoton katin da wayarsa. Wayoyin ba sa kira, amma suna ɗaukar hoto. Ya so ya cire, Ba ya riƙe masa hannu yana roƙo, sai ya bar masa.

Kunnen Jaki ba za ta zo ba. Sun gan ta, sun ce tunda ba ta magana a bar wa kurma abinsa. In an kawo wuta ina kunna masa, ya jira ta ɗau zafi, ya ɗora tafin hannu a kan lasifikar yana murɗawa a hankali. Ya ce yana gane mita arba'in da yatsunsa. Ran Asabar bayan azahar ba ya yarda a kashe, wai ko za ka shigo.

Ya ce in tambaye ka da wace mai kamawa ka ji shi tangaran haka. Ni kuwa na san ta likitan ba ta da kunne. Ka shirya amsa, ba shi kaɗai zai tambaya ba.

In sun ƙwanƙwasa ƙofarka kada ka tsorata. Ka sa hula mai kyau, ka fito da lasinka, ka yi musu bayani da ladabi cewa ranar kana Abuja wurin ɗaurin aure, ba ka ji komai ba. Gaskiya ce ai. Shi ma Ba gaskiya ya faɗa musu.

Na sa sunanka a bayan ambulan, cikakke.

Sa'id